Yadda Ake Farfaɗo da Tsohon Zubin Haruffan Dalma a Kwamfuta

Tsakanin shekarar 1900 da farkon shekarun 1930, kamfanonin zuba haruffa na Amurka da Ingila da Jamus sun fitar da da yawa daga cikin salon haruffan da idanunmu suka saba da su a littattafai da jaridu da allunan talla. Morris Fuller Benton ya zana Franklin Gothic a 1902, Frederic Goudy ya zana Goudy Old Style a 1915, kamfanin Bauer na birnin Frankfurt ya fitar da Futura na Paul Renner a 1927, sannan kamfanin Monotype ya fitar da Gill Sans a 1928. Duk waɗannan da ƙarfe aka yi su. Kowane harafi ɗan guntun dalma ne da aka gauraya da kuza da wani ƙarfe mai ƙara masa tauri, wanda mai jera haruffa zai ɗauko daga akwati ya jera a juye, a shafa masa tawada, a danna a kan takarda. Mayar da irin wannan zubi ya zama fayil ɗin da kwamfuta za ta yi rubutu da shi aiki ne na zaɓi da hukunci a kowane mataki, domin babu wani hoto guda ɗaya da za a ce shi ne ainihin harafin. A wannan bayani za mu ɗauki Goudy Old Style a matsayin misali, mu bi aikin tun daga neman tushe har zuwa fitar da fayil.

Mataki na farko shi ne a tantance abin da doka ta yarda a taɓa da abin da ta hana. A Amurka, hukuncin wata kotu na 1978 ya tabbatar da cewa siffar haruffa ita kanta ba ta da kariyar haƙƙin mallaka, amma wani hukunci na 1998, a shari'ar da kamfanin Adobe ya shigar, ya nuna cewa fayil ɗin kwamfuta da ke ɗauke da haruffan yana da kariya. Abin nufi shi ne, mutum zai iya duba tsohon bugu ya zana nasa, amma ba zai buɗe fayil ɗin wani kamfani ya kwashe layukansa ya ce farfaɗowa ya yi ba. Sunaye kuma da yawansu alamun kasuwanci ne masu rajista, shi ya sa waɗanda suka farfaɗo da Alternate Gothic na Benton suka kira nasu League Gothic, su kuma masu bin sawun Franklin Gothic suka kira nasu Libre Franklin. Jamus da Ingila suna da dokokinsu dabam da ke ba siffar haruffa kariya ta wasu shekaru, don haka wanda yake da niyyar sayarwa ya kamata ya duba dokar ƙasar da zai sayar a cikinta tun kafin ya soma zane.

Mataki na biyu shi ne neman tushe, kuma a nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace. Tushe iri uku ne: zanen da mai salon ya yi da hannunsa, haruffan dalmar kansu, da kuma takardar da aka buga da su. Mai sabon shiga yakan ɗauka zanen asali ya fi komai daraja, alhali shi ne ya fi yaudara. Masu zuba haruffa sun san cewa idan dalma ta danne takarda, tawada takan bazu kaɗan ta ƙara wa kowane layi kauri, saboda haka sukan yi harafin ya fi siranta bisa abin da suke so mai karatu ya gani. Wasu daga cikin zubin farko da aka mayar kwamfuta sun bi zane ne ba su bi bugu ba, sai suka fito a rame a kan shafi. Bembo, wanda Monotype ya fitar da ƙarfe a 1929, misali ne sananne, domin sai da kamfanin ya sake fitar da wani mai suna Bembo Book a 2005 don ya kusanci nauyin da aka sani a tsoffin littattafai. Hukuncina a nan shi ne a ɗauki bugu a matsayin alƙali, a yi amfani da dalma ko zane wajen warware abin da tawada ta ɓoye.

Labarin Doves Type ya nuna dalilin haɗa bugu da dalma. An yi wannan zubi a Landan a wajajen 1900 domin maɗaba'ar T. J. Cobden-Sanderson da Emery Walker, kuma bayan saɓani ya shiga tsakaninsu, Cobden-Sanderson ya riƙa zubar da haruffan cikin kogin Thames daga gadar Hammersmith a 1916 da 1917, don kada abokin nasa ya gaje su. Robert Green ya farfaɗo da zubin daga littattafan da aka buga da shi, ya fitar a 2013. A ƙarshen 2014 aka tsamo guntaye kusan 150 daga ƙasan kogin, da taimakon masu nutso na hukumar tashar jiragen ruwa ta Landan, sai ya koma ya gyara aikinsa bisa abin da ƙarfen ya nuna masa.

Ga Goudy Old Style ba a bukatar nutso. Kamfanin American Type Founders, wanda ya zuba shi, ya buga babban littafin samfurin haruffansa a 1923, mai shafuka fiye da 1,000, kuma ana samun hotonsa kyauta a Internet Archive. Sai dai hotunan intanet sukan yi ƙarancin ɗigo, sun isa a yi nazarin siffa amma ba su isa a yi awo ba. Wanda zai yi aikin da gaske ya nemi takarda ta ainihi, ko littafin samfurin, ko wani littafi da aka tabbatar da wannan zubi aka buga shi. A kula kuma da na'urar da aka yi bugun da ita. Haruffan da ake jerawa da hannu suna da 'yancin faɗinsu, amma na injin jera haruffa na Monotype an tilasta musu shiga ma'aunin kaso 18, na injin Linotype kuwa sau da yawa miƙaƙƙen harafi da karkatacce faɗi ɗaya suke rabawa, kuma kan harafin f ba ya iya leƙawa kan maƙwabcinsa. Idan aka kwafi irin wannan tushe ido rufe, an kwafo takurar injin ne tare da salon.

Mataki na uku shi ne zaɓen girma guda ɗaya. Ana auna haruffa da poyin, kusan 72 a inci ɗaya, kuma a zamanin dalma kowane girma zubinsa dabam. Ko bayan da Linn Boyd Benton, mahaifin Morris, ya ƙirƙiro injin sassaƙa haruffa a shekarun 1880, wanda ke iya rage zane ɗaya zuwa girma iri-iri, kamfanin yakan sa a faɗaɗa ƙananan girma a kuma ƙara musu kauri don su karantu. Saboda haka harafin a na poyin 8 ya fi faɗi da gwaɓi bisa na poyin 36 idan aka kawo su tsayi ɗaya. A yanke shawara tun farko: idan littafi za a buga da sabon fayil ɗin, a ɗauki poyin 10 ko 12 a matsayin tushe, idan kuma kanun labarai ne da bangon littafi, a ɗauki 36 ko sama. Cakuɗa su shi ne kuskuren da ya fi yawa, domin manyan girma sun fi daɗin gani a hoto, sai mutum ya zana daga gare su ya yi mamakin yadda rubutunsa ya kasa karantuwa a ƙaramin girma.

Mataki na huɗu shi ne ɗaukar hoto da sikana. A saita ta a ɗigo 1,200 zuwa 2,400 a kowane inci, a ɗauka cikin launin toka mai hawa-hawa, kada a ɗauka baƙi da fari zalla, domin hawa-hawan ne ke nuna inda tawada ta taru a gefen harafi da inda ainihin ƙarfen ya taɓa takarda. Lissafin yana da sauƙi: ƙaramin harafi irin x a poyin 10 tsayinsa kusan milimita ɗaya da rabi ne, wanda a ɗigo 2,400 zai ba da ɗigo 140 ko kusa da haka, kuma ƙasa da wannan ba a ganin lanƙwasa sosai. A ajiye hotunan a tsarin TIFF ko PNG. Bayan haka a yanko kowane harafi sau biyar zuwa goma daga wurare dabam-dabam na shafin, a daidaita su a kan layi ɗaya, a ɗora su bisa juna. Abin da ya maimaitu a dukkansu shi ne siffar harafin. Abin da ya bayyana a guda ɗaya kawai, kamar tsinin da ya karye ko cikin e da tawada ta toshe, hatsarin bugu ne, ba a kwafarsa.

Mataki na biyar shi ne awo, kafin a ja layi ko ɗaya. A buɗe manhajar zana haruffa. FontForge kyauta ce kuma tana aiki a Windows da Linux da Mac, Glyphs da RoboFont na Mac ne kaɗai kuma da kuɗi ake sayensu, FontLab ma ta kuɗi ce. A saita filin harafi ya zama kaso 1,000, sannan a auno daga hotunan abubuwa shida a rubuta su a takarda: tsayin ƙananan haruffa irin x, tsayin manya irin H, tsayin wuyan b da d da l, zurfin jelar p da q, kaurin sandar n, da kaurin siririn layin da ke saman o. A auna kowanne a haruffa da dama a ɗauki matsakaici. A nan mai aiki zai ci karo da hukunci na farko mai nauyi, domin jelar p da q da g a Goudy Old Style gajera ce ƙwarai, kuma an san cewa kamfanin ne ya gajarta ta don ta dace da ma'aunin layin da yake amfani da shi a duk zubinsa. Mai farfaɗowa zai iya barinta yadda aka buga, zai kuma iya tsawaita ta. Ni ina ganin ya fi kyau a bar gajerar a matsayin ta asali, a zana doguwar a ajiye ta a matsayin zaɓi, domin da gajerar ce masu karatu suka san wannan salo shekara ɗari.

Mataki na shida shi ne zane. Manhajoji suna da umarnin bin gefen hoto da kansu, amma abin da yake fitarwa ɗaruruwan ƙulli ne, wato ɗigon da layin zane ke bi ta kansu, masu bin kowane gurɓin takarda, kuma gyaransa ya fi sabon zane wahala. A sa hoton a baya, a dusashe shi, a zana da hannu. Ƙa'idar ita ce a sa ƙulli a ƙololuwar kowace lanƙwasa, wato can sama da can ƙasa da iyakar dama da iyakar hagu, a bar hannuwan ƙullin, waɗanda ake ja don lanƙwasa layi, a miƙe tsaye ko a kwance. Harafin o mai kyau ƙulli huɗu ne a waje, huɗu a ciki. A fara da n da o, sai H da O, domin daga gare su ake samun sanda da kafaɗa da 'yan ƙafafu da ciki, waɗanda za a gina h da m da u da b da d da p da q da su. Haruffa masu zagaye dole su ɗan zarce layin zama da layin sama da kaso 10 zuwa 15, in ba haka ba za su yi kamar sun fi maƙwabtansu ƙanƙanta.

A wannan salo akwai abubuwan da bai kamata a goge su da sunan tsafta ba. Ɗigon i da j lu'ulu'u ne mai kusurwa huɗu, haka ma aya da waƙafi suke da wannan kama. Kunnen g yana ɗagawa sama, sandunan kuma ba su miƙe sak kamar an ja su da rula ba, suna da ɗan lanƙwasa mai taushi inda suka haɗu da ƙafafu. Kwamfuta tana jan mai zane zuwa ga daidaita komai, ya kwafi ƙafa ɗaya ya manna wa haruffa ashirin, kuma idan ya biye mata zai ƙare da zubi mai tsafta wanda ba shi da alaƙa da Goudy sai a suna. A duba kowace ƙafa a hotunan, inda bambanci ya maimaitu a bar shi. Gefunan kuma a ɗan dakushe su kaɗan, saboda bugun dalma bai taɓa ba da kusurwa mai kaifin reza ba.

Mataki na bakwai shi ne tazara, wadda a ganina ita ce rabin aikin. Kowane harafi yana da ɗan fili a hagunsa da damansa, kuma a dalma wannan fili jikin ƙarfen ne, ba a ganinsa a bugu sai ta hanyar lissafi. A auna nisan da ke tsakanin n biyu idan sun haɗu a kalma, a raba shi tsakanin dama da hagu, sannan a rubuta nnn da non da ooo a duba ko farin da ke tsakanin haruffa ya yi daidai da farin da ke cikinsu. Haruffa masu zagaye suna bukatar fili kaɗan, masu sanda suna bukatar mai yawa, masu kusurwa irin v da w kusan babu. Sai an gama wannan ga dukkan haruffa sannan a shiga gyaran tazarar haruffa biyu-biyu, irin Ta da Wa da Ya, waɗanda suke yawan zuwa a farkon jimlar Hausa. Hanya mafi inganci ta gwaji ita ce a sake buga layi ɗaya na tsohon shafin da sabon fayil, a girma ɗaya, a ɗora shi kan hoton. Idan layukan biyu suka ƙare a wuri ɗaya, tazarar ta yi kusa da ta asali.

Mataki na takwas ya shafe mu kai tsaye. Babu ɗaya daga cikin waɗannan tsoffin zubi da aka yi shi da ɓ ko ɗ ko ƙ ko ƴ, shi ya sa mai buga Hausa da su a yau yakan ga kwamfuta ta aro ƙ daga wani salo dabam ta cusa a tsakiyar kalma, siririya a tsakanin masu kauri. Mai farfaɗowa dole ya zana su da kansa, kuma ya zana su kamar mai salon ne ya yi. Tushen ƙugiyar yana nan cikin zubin: kan harafin f. A ɗauko lanƙwasarsa da yadda take ƙarewa, a gajarta ta, a ɗora a wuyan b da d da k a madadin ƙafar sama, ba tare da ta wuce tsayin wuyan ba sai ɗan zarcen da aka ba haruffa masu zagaye. A manyan haruffa, ƙugiyar Ɓ da Ɗ tana fitowa ne ta hagu a sama, ta Ƙ da Ƴ kuma a ƙarshen hannun dama. A sa kowanne a lambarsa ta Unicode, tsarin da kwamfuta ke gane kowane harafi da shi: ɓ a U+0253, Ɓ a U+0181, ɗ a U+0257, Ɗ a U+018A, ƙ a U+0199, Ƙ a U+0198, ƴ a U+01B4, Ƴ a U+01B3. Ko da yake a Najeriya 'y ake rubutawa, a Nijar ƴ ake amfani da shi, don haka a zana duka biyun, tare da alamar da ke gaban y a 'y, wato U+02BC, da kuma alamar naira a U+20A6.

Harafin ɗ shi ne mai ba da wahala. Ƙugiyar ɓ da ƙ tana rataye ne a saman jikin harafin kansa, amma ta ɗ tana leƙawa waje ta dama, inda harafi na gaba yake. A rubuta kuɗi da daɗi da faɗi a girman poyin 12 a duba: ƙugiyar za ta doki lu'ulu'un da ke kan i, kamar yadda kan f yake yi, wanda shi ne dalilin da ya sa masu dalma suka zuba fi a matsayin guntu ɗaya. Mafita ita ce a gajarta ƙugiyar, a ƙara ɗan fili tsakanin ɗ da i, ko a zana wani ɗ mai matsattsen kai wanda fayil ɗin zai sauya da kansa idan i ya biyo baya. A gwada kuma inda suke ninkuwa, kamar ɗaɗɗaure da ɓaɓɓake da miƙaƙƙe. Iyakar gajartawar ita ce karatu: idan a poyin 9 ba a bambance kasa da ƙasa, ko bari da ɓari, ƙugiyar ta yi ƙanƙanta. Wanda yake so a buga ƙamus ko littafin nahawu da zubin ya ƙara alamomin karin sauti da na tsawon wasali, ya sa wa kowane wasali maƙalar da alamar za ta zauna a kanta.

Mataki na tara shi ne gwaji a takarda. Allon kwamfuta yana nuna harafi a girman tafin hannu, inda kowane aibi ƙarami yake zama babba, babban aibi kuma, wato nauyin shafi gaba ɗaya, ba ya bayyana. A buga cikakken shafi na Hausa da injin leza a girman da aka zaɓa, a ajiye shi kusa da tsohon bugun, a ja da baya taku biyu a kanne ido. Idan sabon ya fi haske, a ƙara wa siraran layuka kauri da kaso biyu zuwa huɗu a sake bugawa. Idan wani harafi yana tsalle ya fito baƙi ƙirin a cikin shafin, sau da yawa mahaɗar sandarsa ce ta yi cunkoso, sai a rage mata. Ana maimaita wannan zagaye sau da yawa, kuma yana da kyau a rubuta kwanan wata a kan kowane bugu don a san wanne ya riga wanne.

Mataki na ƙarshe shi ne fitarwa. Ana fitar da fayil ɗin a tsarin OTF ko TTF domin kwamfuta, da WOFF2 domin shafukan intanet. Idan TTF ne, manhajar ttfautohint tana taimaka wa haruffa su zauna daidai a allo mai ƙarancin ɗigo, FontBakery kuma tana binciko kurakuran suna da ma'auni da ido ba zai gani ba. A duba cewa filin sama da ƙasa ya isa kada a yanke kan Ƙ ko alamar da ke bisa manyan wasula, sannan a gwada a Word da LibreOffice da wayar Android, domin kowannensu yana da yadda yake lissafa tazarar layi. Idan kyauta za a bayar, lasisin da aka fi amfani da shi shi ne Open Font License na SIL, wanda ya yarda kowa ya yi amfani da fayil ɗin ya kuma gyara shi, amma ya hana sayar da shi shi kaɗai, ya kuma wajabta duk gyaran da aka rarraba ya zauna ƙarƙashin lasisin. A haɗa fayil ɗin da takarda da ta ambaci sunan mai salon na asali da shekarar fitowarsa, littafin da aka ɗauko hotuna daga ciki da girman da aka bi, haruffan da aka ƙara waɗanda babu su a dalma, da duk wurin da aka kauce wa tushe da gangan, kamar doguwar jela da matsattsen kan ɗ.